Sandar Awo Marar Zane

Zuwa ga ƙanwata Sista,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da fatan ke da marasa lafiyarki kuna samun sauƙin juna. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ta fara yi mini ƙorafi, da kunnen hagu wanda ya riga ni yin ritaya. Shi ya sa ma na ɗauko takarda, domin a waya sai in yi ta "na'am, na'am" har mai kira ya gaji ya kashe.

Kada ki tsaya juya ambulan kina neman ko wane ne. Hedimasta ne, ɗan 'yar'uwar mahaifinki, wadda babanta da baban Kawu Kafinta, wato mahaifinki, suke wa da ƙani. Rabona da ke tun zaman makokin Kawu, Allah ya jiƙansa. Na san ban kyauta ba, sai da buƙata ta taso na tuna da zumunci, amma gara in faɗa da bakina kafin ki faɗa.

Ga abin da ya kawo ni. Tun da na ajiye aiki nake zaune a gida ina damun yayarki uwargida. Ta yi haƙuri da ni har ranar da na ɗauki jan biro na gyara mata rubutu a takardar cefane. Ta dube ni ta ce, "Malam, ko dai ka nemi abin yi, ko ni in fita in tattaro maka ɗalibai." Washegari na share gareji, wanda babu komai cikinsa sai tsofaffin taya tun da na rabu da mota, na ce zan koyi aikin katako.

Kada ki yi dariya, an riga ki. Na sayo zarto a kasuwa, yana shiga katako yana lanƙwashewa. Gudumar da na sayo tare da shi kuwa bugu na uku kanta ya fice ya bar ni da ƙota a hannu, saura kaɗan ya fasa taga. Nan na tuna shagon Kawu. Ina yaro an taɓa kai ni hutu wurinku, tun ba a haife ki ba, kuma har yau in na ji ƙanshin sabon katako shi nake gani, da fensir a bayan kunne, ba ya magana sai aiki.

Na ji an ce akwatin kayan aikinsa yana hannunki. In ba ki da abin yi da shi, kuma ba zai sosa miki rai ba, ki ara mini. Zan riƙe shi da mutunci. In kuwa ba hali, ki ɗauka ban tambaya ba, zumunci na nan yadda yake.

Yayanki,
Hedimasta


Yaya Hedimasta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na kuma gane ka tun daga rubutun bayan ambulan, don babu mai jan layi a ƙarƙashin adireshi da rula sai kai. Ina lafiya. Gwiwar nan ka riƙa taka ta kaɗan-kaɗan, zama ne ke ƙara mata. Ka gaishe mini da Yaya uwargida, ka ce ta yi ƙoƙari.

Akwatin yana nan a ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsofaffin katifu, yadda aka kawo mini shi bayan rasuwar Baba. Ban taɓa buɗe shi ba. Makullin ma ban san inda yake ba, sai dai ka fasa kwaɗon. Na yi magana da direban da ke kai kaya wajenku, zai sauke maka shi a tasha cikin makon nan.

Ba aro ba ne, na ba ka. Kada ka yi mini godiya, kada kuma ka dawo da shi. Abu ɗaya nake roƙo: ba sai ka ba ni labarin abin da ke ciki ba. Ka yi aikinka, Allah ya sa albarka, ka kula da yatsunka, don 'yan koyon kafinta da muke ɗinkewa a nan ba kaɗan ba ne.

Ƙanwarka,
Sista


Ƙanwata Sista,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, yatsuna goma cif, na ƙirga su kafin in fara rubutu. Kin ce kada in gode, to ban gode ba, amma Allah ya saka.

Akwati ya iso. Sai da maza biyu suka kama mini shi, don tsawonsa ya kai na ƙofa. Kwaɗon ya yi tsatsa, bugu ɗaya ya saki. Na san kin ce ba kya son labari, amma kin san malami, in ya ga abu bai faɗa ba ciwo yake zame masa. Ki yi haƙuri da ni wannan karon.

Ina ɗaga murfin, ƙanshin shagon nan ya bugi fuskata, kamar jiya aka rufe. Kowane ƙarfe a naɗe cikin tsumma mai mai. Zarto biyu, cizal na sassaƙa manya da ƙanana, da filen ɗin da yake fere katako da shi, wanda ƙotarsa ta lotsa daidai wurin babban yatsansa. Na ɗora nawa yatsan a wurin, sai na ji kamar na sa takalmin wani da bai daɗe da cirewa ba. Na yi masa addu'a na ajiye.

Abin da ya ba ni mamaki, babu tef na awo ko ɗaya. A ƙasan akwatin sai tarin sanduna sirara, an ɗaure su da igiya. Da na warware na gane yadda Kawu yake aiki. Kowane abu da sandarsa. A kan kowace ya zana hoton abin da fensir, ga kujera, ga ƙofa, ga gadon jariri, sannan ya bi jikinta da tsaga. Kana son kujera, ka ɗauko sandarta ka kara a jikin katako, inda tsaga take nan za ka yanka. Babu lamba, babu lissafi. Ni da na shekara talatin ina koyar da awo da rula, na zauna a kan taya ina jinjina kai. Na gwada da ta ɗan benci, ya kuwa fito daram, uwargida har ta zauna a kai ba ta riƙe bango ba.

Akwai guda ɗaya da ba ta cikin ɗaurin. Ita kaɗai aka naɗe ta a farin ƙyalle. Jan katako ce mai nauyi, doguwa, ta yi santsi da baƙi-baƙi saboda riƙo, kuma babu zanen komai a kanta. Daga ƙasa babu tsaga har wajen cinyata, sannan tsagogi masu zurfi su jeru, suna matsowa kusa da juna, su tsaya daidai cibiyata. Sama da nan akwai 'yan ƙarce-ƙarce marasa zurfi, na ɗauka gogar ƙarafa ce a cikin akwati, sai wata babbar tsaga can kusa da ƙarshe, wataƙila ta ɗaura igiyar ratayewa.

Na kwana biyu ina nazari, na kuma gano ta. Kantar kayan aiki ce. Babban filin ƙasa na akwati ne, sirararan hawa na sama kuma na cizal da gwangwanayen ƙusa. Daidai abin da garejina ke nema. Na riga na sayo katako, gobe zan fara.

Yayanki mai surutu,
Hedimasta


Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ina fatan shirun nan na yawan aiki ne, ba na rashin lafiya ba. Wata ya wuce ban ji daga gare ki ba. Na yi ta tunani, na ga ko fasa kwaɗon ne ya ɓata miki rai, ko da yake ke kika ce in fasa. In kuwa surutuna ne, na karɓi laifi. Kwaɗon yana nan na adana, zan iya kai shi a gyara.

Kanta ta tsaya. Na kafa ta a jikin bango kusa da ƙofar gareji, akwatin Kawu ya shige ƙasanta kamar don shi aka yi. Na bi tsagogin masu zurfi ɗaya bayan ɗaya, ban ƙara ba ban rage ba. Hawan sun yi ƙunci, na sama ko tafin hannu da ƙyar yake shiga, amma na ce Kawu ya fi ni sani.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, don ke ma'aikaciyar lafiya ce, in tsufa ne ya fara taɓa mini kai ki gaya mini gaskiya. Duk sanda na shigo garejin da safe, sai in tarar hannuna ya sauka a saman kantar ya ɗan shafa ta. Ba ni nake sa shi ba. Ran nan har na ji bakina ya ce, "Maza a shiga." Na tsaya ina duba wa nake yi wa magana. Babu kowa, sai hasken rana ta taga da ƙurar katako tana yawo a ciki.

Sai kuma feren katako. Kin san yadda yake fitowa daga filen a nannaɗe, kamar zobe. Ina share shi in tara a kusurwa kafin in tafi cin abinci. In na dawo sai in ga 'yan kaɗan a jere a hawa na ƙasa, masu kyaun nannaɗi kawai, daga babba zuwa ƙarami. Na ce iska ce. Na rufe taga, aka sake. Na tambayi uwargida, ta ce, "Ni me zan yi da shararka?" Na kai ta ta gani. Ta duba, sannan ta ce, "Malam, ɗakin nan kamar akwai mai jiran a kira shi." Tun ranar a bakin ƙofa take ajiye mini shayi.

Ba tsoro nake ji ba, ƙanwata, kewa ce. In ina fere katako sai in ji kamar ana kallon hannuna daga ƙasa-ƙasa, wajen gwiwar hannu, irin kallon da ba ya son ya dame ka. Wani lokaci har nakan matsa gefe kaɗan don a gani sosai. Ina dawowa hayyacina sai kunya ta kama ni.

Uwargida ta ce in fitar da duk abin da ba na amfani da shi, ko zuciyata ta huta. Sandar nan ta gama aikinta, tunda kanta ɗaya nake buƙata, kuma katakonta ya fi ƙarfin a bar shi a banza. Ina ƙera wa yayarki ɗan kabad na kicin, na ga in na yanka sandar gunduwa-gunduwa za ta ba ni mariƙan aljihunan kabad masu kyau. Ina gama jikin kabad ɗin zan sa mata zarto. Zan aiko miki da guda ɗaya, ki samu abin tunawa da Kawu.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Yayanki,
Hedimasta


Yaya,

Kada ka yanka sandar nan. Na fara da wannan kafin gaisuwa, ka yafe mini. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Takardunka biyu suna kan firij tun zuwansu. Ta farko na ga kaurinta na san ka yi abin da na hana ka, sai na ƙi buɗewa. Ta biyu ta zo na ɗora a kanta. Yau na dawo daga aiki na ce bari in karanta in huta. Ban san ko na makara ba. In ka riga ka yanka, kada ka aiko mini da komai, kada kuma ka faɗa mini.

Ba kanta ba ce, Yaya. 'Yata ce.

Wataƙila ka ji a dangi cewa na taɓa haihuwa, wataƙila ba ka ji ba, don kana can wata makaranta mai nisa a lokacin. Aurena na fari bai daɗe ba, na fito da yarinya a goye. Da na samu shiga makarantar koyon jinya, sai na bar ta wurin Baba, tunda Inna ta riga ta rasu. A shago ta tashi. Siririya ce miƙaƙƙiya, shi ya sa yake kiranta 'Yar Ƙusa. Tana tsaye a gefen bencinsa wuni guda tana kallon hannunsa, tana tsince feren da ya fi nannaɗuwa tana jerawa, wai kayan shagonta ne.

Kai ka gani da idonka, Baba ba ya auna komai da tef. Duk ƙarshen shekara in na zo hutu, sai ya jingina sandar nan a ƙofar shago ya tsayar da ita, ya kwantar da cizal a kanta, ya yi tsaga. Kullum sai ta yi ɗage. Ya ce, "Sauke dunduniya, 'Yar Ƙusa, ba a cutar awo." Sannan ya dube ni ya ce, "Wannan sai ta fi ki tsawo." Iyakar wasan da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Shekarar da aka sa ta aji ɗaya, zazzaɓi ya kama ta. Baba ya ɗauka na kwana biyu ne, bai aiko mini ba don ina cikin jarrabawa. Da saƙo ya iso ni, har an binne ta. Na sauka daga mota na nufi gida da gudu, ban same shi a gida ba. Yana shago, yana fere ƙofar wani. Ya ɗago ya ce, "Kin iso?" Na ce na iso. Ya ce, "Sai haƙuri." Ya mayar da kai ya ci gaba da fere ƙofa.

Yaya, ina koyon yadda ake ceton 'ya'yan mutane tawa ta mutu ba a kira ni ba, kuma mutumin da na bar wa ita ko aikin yini ɗaya bai fasa ba. Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, bai sake ambaton sunanta ba ko sau ɗaya. Na yi masa duk abin da 'ya ke yi wa uba, na yi jinyarsa har ya cika a hannuna, amma ban yafe ba. Ina faɗa maka ne don ka san dalilin da ya sa na rabu da akwatin ba tare da na buɗe ba. Na ɗauka ya daɗe da yanka sandar ya yi ƙafar kujera da ita.

Ba ni da hotonta ko ɗaya. Wanda aka ɗauka a makaranta ruwa ya ci shi. Fuskarta ma ta fara ɓace mini, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsagar ƙarshe ita ce inda kanta yake kai mini in ta rungume ni. In sandar tana nan, ka yanke mini daga ƙasa zuwa wannan tsagar ka aiko. Sauran na sama ka yi mariƙan da shi, ba ni da buƙata.

Kanka lafiya lau yake. Ban san abin da zan ce maka game da feren ba.

Sista


Ƙanwata,

Sandar tana nan. Ki sauke ajiyar zuciya tukuna, sannan in gaishe ki. Muna lafiya. Uwargida ta karanta takardarki ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, da ta fito idonta ya kumbura. Ta ce in gaya miki tana yi wa 'Yar Ƙusa addu'a, tana yi miki. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Ban sani ba, wallahi ban taɓa ji ba.

Takardarki ta makara da kwanaki, amma ba ita ta tsayar da ni ba. Na gama kabad, na matse sandar a benci, na ɗora zarto a kanta. Na ja sau ɗaya, za ki ga ɗan tabon a gefe. Sai na ga fensir ɗina yana kan kantar da na kafa, na je ɗaukowa, hannuna ya sauka a samanta kamar kullum. A nan na gane abin da hannun ya daɗe da sani. Shekara talatin ina tsayawa a ƙofar makaranta da safe, 'yan aji ɗaya suna wucewa ta gabana, ina shafa kansu ina cewa maza a shiga. Tsayinsu ke nan, ba ƙari ba ragi. Na dubi hawan kantar daga ƙasa zuwa sama, yadda suke matsowa kusa da juna, na ga yaro yana girma. Na zauna a kan akwati. Ban san ɗan wa ne ba, amma na kwance sandar na mayar da ita cikin ƙyallenta.

Kin ce in yanke miki ƙasan in riƙe saman. Ba zan yi ba, kuma ki saurare ni a matsayin yayanki. Bayan na karanta takardarki na fitar da sandar tsakar gida cikin rana, na sa tabarau, na goge ta da tsumma. Ƙarce-ƙarcen da na ce miki gogar ƙarafa ce, ba gogar ƙarafa ba ce. Bakin cizal ɗaya ne da na ƙasa, a gefe ɗaya, a kwance iri ɗaya. Sai dai an yi su a hankali, ba a danna ba, kamar mai gudun kada ya ji wa wani ciwo.

Na bi su da yatsa. Daga inda ta tsaya, suna hawa kaɗan-kaɗan, tazara kusan ɗaya, yadda 'yan firamare ke yi. Can sai tazarar ta buɗe, shekara biyu ko uku, daidai lokacin da 'yan mata ke miƙewa dare ɗaya iyayensu su yi ta sake musu yunifom. Daga nan ta riƙa ƙanƙancewa har ta tsaya. Na san wannan hawan kamar tafin hannuna, na ga ɗaruruwan yara sun bi shi. Kawu bai yi karatu ba, amma bai kuskure ko ɗaya ba. Ina jin 'ya'yan maƙwabta sa'o'inta yake kallo suna wucewa ta ƙofar shago.

Babbar tsagar can sama kuma, wadda na ce ta igiya ce. Na duba cikinta da kyau. Ba yanka ɗaya ba ne, yanka ne a kan yanka, da yawa, wasu a miƙe, na baya-bayan nan a karkace irin na hannun da ya fara rawa. Ta gama girma, babu sauran inda za a hau, amma duk shekara sai ya dawo wurin ya sake sa cizal.

Ba zan ce miki ki yafe ba, ban isa ba, ba ni na sauka daga motar nan ba. Abin da na gani kawai nake faɗa. Mutumin da ba ya auna komai sai da sanda, wannan ce kaɗai bai zana wa hoto ba, ita ce kuma riƙo ya fi baƙanta wa.

Na ba direba ita a naɗe cikin ƙyallenta, na haɗa da katako biyu na ɗaure don kada ta karye a hanya. Na ce masa a gaba za ta zauna, ba a bayan mota cikin kaya ba. Ya ce, "Baba, sanda ce fa." Na ce na sani.

Tun da ta bar gidan ban sake samun fere a jere ba. Na yi zaton zan ji sauƙi, sai na ga garejin ya yi mini faɗi. Kantar tana nan, na kwashe gwangwanayen ƙusa daga kanta. In kina so in kwance ta, ki faɗa.

Yayanki,
Hedimasta


Yaya Hedimasta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya, na gode da addu'arta. Yaya gwiwa? Ni lafiya lau, na ɗan ɗauki hutu daga aiki, amma na koma.

Saƙo ya iso lafiya. Direban da kansa ya hawo da ita har ƙofata, yana riƙe da ita da hannu biyu. Ta yi kwanaki a jingine a falo ban kwance ba. Ina wucewa ta gefenta in je kicin, in dawo, kamar baƙuwar da ban san yadda zan fara yi wa magana ba.

Ranar da ba ni da aiki, da hantsi, na kwance ƙyallen. Na fara da na ƙasa. Na durƙusa na sa goshina a tsagar ƙarshe da na sani, na yi kukan da ban yi a shago ba ranar nan. Ƙanshin katakon ya dawo mini da wani abu da na ɗauka ya tafi: tana da ɗan gibi a haƙoran gaba, kuma takan ciji leɓe in tana ɗage. Fuskar ta dawo, Yaya, ba duka ba, amma ta dawo.

Sannan na miƙe na bi na saman da yatsa kamar yadda ka ce. Na tuna duk ƙarshen shekara in na je gida, akwai yammacin da Baba yake rufe shago da wuri ya zauna a ciki shi kaɗai. Ina jin motsinsa ta bayan ƙofa, ina cewa a raina, ko yau ma aiki ya fi masa. Ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Shi bai iya magana ba, ni kuma ban iya tambaya ba, haka muka ƙare. Na yi masa addu'a ranar, ba irin wadda nake yi don sauke nauyi ba.

Na jingina sandar a ƙofar ɗakina, na cire takalmi, na juya mata baya na tsaya. Na ɗora littafi a kaina na riƙe, na juyo na duba. Babbar tsagar tana sama da littafin da yatsa biyu. Na sake gwadawa har da ɗage, sai na ji kamar an ce in sauke dunduniya, na sauke.

Kada ka kwance kantar. Ka bar ta inda take, ka mayar da ƙusoshinka, 'Yar Ƙusa ta saba da zama cikin kayan aiki. In hannunka ya sauka a kanta da safe kada ka janye. In ka samu fere mai kyaun nannaɗi, ka ajiye mata ɗaya a hawa na ƙasa. Ina nan zuwa in na samu hutu, in ga garejin nan da benci da kabad, in kuma duba yatsunka da idona.

Jiya wata sabuwar abokiyar aikina ta biyo ni gida karɓar saƙo. Ta ga sandar a jikin ƙofa ta tsaya tana kallo, ta ce, "Sista, wannan awon wa ake yi?" Shekara da shekaru in aka tambaye ni ko ina da 'ya'ya, cewa nake Allah bai ba ni ba. Na ce mata na 'yata ne, kakanta ne ya riƙa auna ta. Ta ɗaga kai ta dubi tsagar sama ta ce, "Ashe kina da babbar 'ya haka."

Na ce e, ta ma fi ni tsawo.

Ƙanwarka,
Sista